Takubban Turawan Dā Ba Su da Nauyin da Ake Zato

Mutane da yawa sun ɗauka takubban mayaƙan Turai na ƙarni na 14 da na 15 gungumen ƙarfe ne, sai ƙato ke iya ɗaga su. Ba haka ba ne. Takobin hannu ɗaya bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, dogon da ake riƙewa da hannu biyu kuwa yawanci kilo ɗaya da rabi ne. Maƙera kan sirantar da ruwansa zuwa tsini, su sa dunƙulen ƙarfe a gindin mariƙi, nauyin ya dawo kusa da hannu. Shi ya sa malaman takobi irin su Johannes Liechtenauer na Jamus suka koyar da sara da suka cikin zafin nama. Manya-manyan takubban nan na gidajen tarihi, da yawansu na fareti ne.