Wai firamaren unguwarmu ta waye ne?

Jama'a salamu alaikum. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya wuce abinsa ba komai, amma duk mai ɗa ko ƙani ko jika a firamaren gwamnati dan Allah ya daure ya karanta.

Farkon daminar bana iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu a makarantar unguwarmu, na 'yan aji uku da na 'yan aji huɗu. Ni ina cikin kwamitin makarantar, wannan da ake ce wa SBMC, ba wai na fi kowa ba ne, shagona ne yake kallon ƙofar makarantar kuma ranar da aka zauna zaɓe mai unguwa ya nuna ni ban samu bakin cewa a'a ba. Washegari hedimasta ya aiko yaro ya kira ni, muka shiga aji muna kallon sararin samaniya ta inda silin yake a da, allo duk ya jiƙe, na ce Malam nawa ne a asusun makaranta mu fara da shi? Sai mutumin nan ya yi wata irin dariya, ya ce Alhaji wane asusu? Allin da ka gani a hannun malamai ma daga aljihuna ne.

To daga nan muka fara yawo. Muka je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, aka karɓe mu da mutunci wallahi, aka ce an riga an rubuta sama, su ba a ba su kuɗin gini, nasu shi ne duba malamai da tura rahoto. Muka je sakatariya, ciyaman ba ya nan, wani jami'i ya ce mana kuɗin malamai tun daga sama ake yankewa kafin kason ya iso gare su, abin da ya rage da ƙyar yake biyan ma'aikatansu. Muka haɗa kuɗin mota muka tafi babban birnin jiha, can kuma aka ce gyaran aji sai ya shiga tsarin ayyukan shekara, mu bar takarda za a sa a fayil. Muka dawo gida bayan isha'i da ƙurar hanya da lambar fayil.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, duk cikinsu ban kama ko mutum ɗaya da ƙarya ba. Kowa gaskiya ya faɗa. Da ma ƙarya wani ya yi mana ai da sauƙi, mun san wanda za mu riƙe wa riga.

Bari in warware yadda abin yake don na lura da yawanmu ba mu sani ba, ni ma sai da na shiga kwamitin nan na gane. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa hannun ƙaramar hukuma a harkar firamare. Dokar ilimin bai ɗaya ta matakin farko, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ta kafa hukumar da ke kula da wannan ilimin ta tarayya, wato UBEC, a Abuja, kowace jiha kuma tana da irinta da ake ce wa SUBEB, kowace ƙaramar hukuma tana da hukumar iliminta da sakataren ilimi, shi ne ES ɗin da malamai ke ambata. Albashin malamin firamare a yawancin jihohi daga kason ƙaramar hukuma yake fita, amma hannun jiha ne ke cirewa ya biya ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ɗaukar malami da ƙarin girma da sauran manyan abubuwa suna wajen jiha. Kuɗin gini wani ɓangare Abuja, wani ɓangare jiha. Wato mai kuɗin daban, mai ɗauka aiki daban, mai ba da kwangila daban, shi kuma hedimasta wanda ruwan ke zuba a kansa ba shi da ko kwabo kuma ba shi da ikon ko canza malamin da ba ya zuwa, sai dai ya rubuta, in malamin yana da uwa a gindin murhu ma shi hedimastan ne zai tsinci takardar tiransifa zuwa ƙauye.

Maganar kuɗin Abuja kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, kuma rabin wannan kuɗin ba a ba jiha sai ta kawo kwatankwacinsa daga aljihunta, ka kawo naira a ba ka naira. Ni ɗan kasuwa ne, in wani ya ce min kawo dubu ɗari in ƙara maka dubu ɗari ka gyara shagonka, ko rance ne sai na ci. Amma a ƙarshen 2024 ita kanta UBEC ta faɗa cewa sama da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Biliyan 135. Mu kuma bandir nawa na kwano muke nema? Me ya sa gwamna zai bar irin wannan kuɗi? Ra'ayina, kuma ra'ayina ne kawai, kuɗi ne mai sharaɗi, sai ka kai tsarin aiki an duba, sai an zo an ga aikin, kuma gyaran aji a ƙauye ba ya fitowa a hoto kamar gadar sama.

In ma an yi ginin, duk mun san yadda ake yi. Ɗan kwangila ya zo daga birni, ba wanda ya tambayi hedimasta ko ajin yake buƙata ko banɗaki ko rijiya, a shafa fenti a rubuta sunan aiki da shekara a jikin bango da manyan baƙaƙe, damina biyu daɓen ya farfashe. Mutanen unguwa ba su san nawa aka bayar ba balle su ce an ci ko ba a ci ba.

Nasan wasu za su shigo su ce ai Kotun Ƙoli ta gama magana, ranar 11 ga Yulin 2024 ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a daina kantomomin riƙo, shikenan an warware. Ni ma na yi murna ranar. Amma ku tambayi tsofaffin malamai abin da ya faru a 1991 lokacin Babangida, da aka rushe hukumar firamare ta ƙasa aka miƙa wa ƙananan hukumomi komai. Malamai sun yi wata da watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, sai da aka dawo da hukumar a 1993. Shi ya sa har gobe ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ba ta son jin an ce albashin malami ya koma hannun ciyaman, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma ba sai mun koma tarihi ba, Abuja ma da ke gaban idon kowa, a 2025 malaman firamaren gwamnati sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da bashin da suke bi ba. Wata uku 'ya'yan talakawa suna gida a babban birnin ƙasa, 'ya'yan masu yanke hukuncin suna makarantun kuɗi ko ranar guda ba su rasa ba. Don haka ni ban yarda matsalar ita ce kuɗin na hannun gwamna ko na hannun ciyaman ba. Ko wanne ka ba, in dai ba wanda zai tsaya gaban iyayen yara ya yi bayani da bakinsa, jiya i yau.

Kaduna fa? A 2017 gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, aka yi ta rigima da yajin aiki. Mutane suka rabu biyu, masu cewa ya yi daidai da masu cewa zalunci ne. Ni tambayar da ban ji an amsa ba ita ce, waye ya ɗauke su aikin tun farko? Ai ba da dare suka haura katanga suka shiga aji ba. Wani ne ya sa hannu, wani kansila ne ko wani jigo ya kawo suna a takarda, wani ne ya ci ladan kuturu ya bar wa yara askin. An kori malamai, amma hanyar da suka bi suka shigo ita ce abin tsoro, don a wurare da yawa har yau gurbin koyarwa kason 'yan siyasa ne, shi kansa kujerar ES sau da yawa da ita ake sallamar wanda ya yi wahalar kamfe.

Kar wani malami ya ji haushina. A makarantarmu akwai wata Malama da ke riƙe da 'yan aji ɗaya, yaran sun fi ƙarfin a ƙirga da ido, rabi a ƙasa suke zaune, kuma kullum kafin in buɗe shago ta riga ni zuwa. Irinta suna da yawa. Tsarin ne bai san bambancinta da wanda sai ƙarshen wata ake ganinsa ba, albashinsu ɗaya, ƙarin girmansu ɗaya, in ma an yi.

Sakamakon kuma ga shi muna gani. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna cikin yara masu shekara 7 zuwa 14 kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya karatu da lissafi na matakin farko, kuma wannan na ƙasa baki ɗaya ne, kowa ya san Arewa ce ke jan adadin zuwa ƙasa. Ni ban ma buƙaci bincike ba, ɗan ƙanwata yana aji biyar, na miƙa masa takardar sayen kaya da Hausa na ce karanta min, yaro ya tsaya yana kallona yana murmushi. Shekara biyar yana sa yunifom yana fita da safe. Muna ta kukan yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma kukan gaskiya ne, amma waɗanda suke zuwan fa? A Kano gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, ya ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafi, madalla, na yaba, sai dai in za a auna aikin dan Allah kar a ƙirga azuzuwan da aka yi wa fenti kawai, a shiga aji uku a ba yaro littafi a ji.

Mu ma iyaye, in ɓera da sata daddawa ma da wari. In aka kira miting na makaranta mutum goma ba sa zuwa, amma a ce ana rabon taki ka ga layi. Duk wanda Allah ya ɗan buɗa wa sai ya cire nasa ya kai makarantar kuɗi, har malaman gwamnatin ma nasu suna can, ni kaina biyu daga cikin nawa suna can, ba zan ɓoye ba. To da masu baki da masu ido da masu lambar wayar manya duk sun fice, wa ya rage zai yi ihu? Dokar 2004 ɗin nan har tara ta yanka wa uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, naira dubu 2 ko wata ɗaya a gidan yari in ya maimaita. Uba yana da hukunci a rubuce. Wanda ya bar aji ba rufi tun farkon damina shi kuma fa?

Wani abokina da ke zaune a Amurka ya ce min su can a yawancin wurare mutanen gunduma ne ke zaɓen kwamitin makarantunsu da ƙuri'a, kwamitin ya ɗauki shugaba, kuma babban kaso na kuɗin daga harajin gidajen mutanen yankin yake fitowa, shi ya sa ake zuwa miting ana ɗaga murya. Ya ce illarsa unguwar masu kuɗi makarantarta ta fi ta talakawa nesa ba kusa ba. Ban ce mu kwafo ba, mu da ko kuɗin shara ba ma son biya. Abin da ya burge ni kawai shi ne akwai suna da fuska, ka san wanda za ka kayar a zaɓe in ɗanka bai iya karatu ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. A buɗe wa kowace firamare asusu, a riƙa saka mata wani abu kowane zango gwargwadon yawan yaranta, hedimasta da shugaban kwamiti da wakiliyar mata su sa hannu kafin a cire, a liƙa lissafin a ƙofar makaranta kowa ya gani. Za a ci a wasu wuraren, na sani, amma wanda ya ci maƙwabcinka ne, a sahu ɗaya kuke sallah, ba wani mai kwangila da ba ka san ko sunansa ba. A kuma liƙa sunayen duk malaman da ke karɓar albashi da sunan makarantar, mu ƙirga da idonmu mu ga ko sun cika. Tun 2006 aka ce kowace makaranta ta kafa SBMC, an ba mu suna an ba mu littafin rubuta bayanan taro, abin da ba a ba mu ba shi ne iko da ko sisi.

Zancen kwanonmu kuma, mun gaji da jira mun yi karo-karo bayan sallar Juma'a, wani kafinta ɗan unguwa ya ce ba zai karɓi kuɗin aiki ba, Allah ya saka masa. Aji ɗaya muka iya rufewa. 'Yan aji huɗu har yanzu an gwamutsa su da 'yan aji biyar, in hadari ya haɗo kuma a tashi kowa. Ranar Asabar bayan la'asar akwai zama a harabar makaranta, 'yan unguwarmu da ke karanta wannan kun san kanku, mai zuwa ya taho da tabarmarsa don bencinan ba za su isa ba.