Ranar da motar Kawu ta durƙusa wa surukina

Ni dai ba ni da mota, gara in faɗa da bakina kafin 'yan fadarmu su riga ni. Abin da na mallaka farmin tuƙi ne da baki. Amma in kuka zo fadarmu ta unguwar Bukoki a Yamai bayan isha'i kuka ji yadda nake zuba a kan manyan motoci, wallahi sai ku rantse a gareji aka yanke min cibiya.

Fadar tamu kullum a rabe take. Akwai wanda muke ce wa Bajamushe, shi duk motar da ba daga Jamus ta fito ba amalanke ce. Akwai mai dafa mana shayi, shi kuma ɗan Lexus ne har ɓargo, kuma labarinsa ɗaya ne tal, yadda a 1989 da aka fito da LS400 aka jera kofunan gilashi a kan murfin injin aka taka wuta ko ɗaya bai faɗi ba. Mun ji labarin nan ya fi sau ɗari, shi kuwa kofunan shayinsa uku duk sun tsage. Sai Bajamushe ya ce eh mun yarda ba ta lalacewa, amma motar tsofaffi ce, tuwo ne ba miya. Daga nan a koma kan BMW 7 ta 2001 wadda bayanta ya yi tudu kamar an ɗora mata akwatin lefe, rabi su ce kyau ne rabi su ce da yunwa mai zanen ya yi aikin. Duk wannan musun mutum ɗaya ne ke da abin hawa a cikinmu, shi ma babur ne, sai an tura yake tashi.

To ana nan sai Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tafiya Tawa ta kama shi ta kwana 10. Kawu na da Mercedes S500 baƙa wuluk, tsohon yayin nan da aka fara a 1998, ta Kwatano ta shigo tun iyaka na buɗe. Injin V8 ne lita 5, doki 306, amma in ta tashi sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Kuma ba a kan ƙarfe take zaune ba kamar sauran motoci, a kan iska take, akwai famfon da ke hura mata ta wasu siraran tiyo na roba da suka bi ta ƙarƙashinta. Ku riƙe min maganar tiyon nan. Kawu bai yarda ya kai ta hanyar sama da kilomita 500 ba, bas ya shiga, ya miƙo min makulli ya ce "Ɗana, ka tashe ta kullum da sahe minti goma ka kashe. Kak ka hita da ita hwa." Na ce to Kawu, Allah ya kiyaye hanya. Ina jin ko Doso bai kai ba ina fada da ita.

Bajamushe ya zagaya ta sau uku yana shafa ta kamar ragon layya, ya durƙusa ya kai kunne wajen salansa, sai ya tashi fuska a ɓace kamar an yi masa rasuwa. Wai an shaƙe ta. Wai zaki ne aka ɗaure wa baki da tsumma, in aka cire tukwanen nan biyu na baya to daga Bukoki har Yantala sai an san V8 ta wuce. Mai shayi ko ɗago kai bai yi ba ya ce babbar mota shirun nan shi ne adonta, kuɗin da Alhaji ya biya rabinsa na shirun ne. Da na ji maganarsa da yanzu ba na wannan rubutun. Amma ranar Juma'a zan je gaida mahaifin yarinyar da nake nema a Harobanda, kuma an tsegunta min akwai wani mai zuwa da Land Cruiser, sai shaiɗan ya ce min ai kai ma gara unguwa ta ji zuwanka.

Muka je wajen wani mai walda ta wajen Katako, jika 7 ya yanke tukwanen duka biyu. Na ja masa kunne ya ajiye min su da kyau, Asabar zan dawo ya mayar, Kawu ba zai taɓa sani ba. Abin da ban duba ba shi ne ya yanke bututun gajere, bakinsa can ƙarƙashin mota yana hura wuta inda ya ga dama. Ni da na ce ina da ilimin mota ko leƙawa ban yi ba, ina can ina ɗaukar hoto.

Jama'a, ƙarar nan. Ba zaki ba ne, injin niƙa ne da aka zuba wa tsakuwa. Na hau gadar Kennedy da yamma cunkoso ya haɗu, duk tattakin da na yi sai masu babur su waiwayo suna salati, wani jaki ya ja amalankensa ya hau gefen masu tafiya a ƙasa, mai shi ya bi ni da addu'ar da ba zan iya rubutawa ba. Esansi na jika 10 na zuba amma allurar ko gaisuwa ba ta yi min ba. Ni kuwa na fito da hannu ta taga da babbar rigar aro, ina ji kamar minista.

Abin da ba a gaya min ba, mahaifin yarinyar shi ne limamin masallacin ƙofar gidansu, kuma daidai an tayar da magariba na karyo kwana na shigo lungun. Na ce bari in ɗan taka sau ɗaya don a san na iso. Ragon Malam ya tsinke igiya ya yi gabas, yara suka bi shi, sahun baya na masallaci duk suka waiwayo, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na kashe na sulale na bi sallah a can ƙarshe ina ji kamar ƙasa ta tsage.

Da aka sallame na je na durƙusa gaban Malam, "Baba ina wuni, ya iyali, ya ƙoƙari," yana amsawa a hankali yana kallona ta saman tabarau. Sai muka ji fsssssss daga bayana. Zafin hayaƙi ya narkar da tiyon. Bayan motar ya fara sauka sannu sannu kamar raƙumi zai sauke kaya har ta zauna daram a kan tayoyinta, yara suka hau tafi suna "ta gaida Malam! ta gaida Malam!" Malam ya dube ta ya dube ni ya ce "Samari, motar nan taka tana da tarbiyya. Ta shigo da rashin kunya amma ga ta tana ba da haƙuri. Saura kai."

Na tayar da ita na bar ta tana ruri wai ko famfon zai ɗaga ta, wani jan rubutu ya fito a gabana da Jamusanci. Na ɗauki hoto na tura wa Bajamushe a WhatsApp ya fassara min. A ranar na gano bawan Allahn nan ko kalma ɗaya ta Jamusanci bai sani ba, ya ce wai in kashe in sake kunnawa. Kabu-kabu na hau na koma gida da babbar riga a naɗe a cinya.

Asabar da sassafe ina wajen mai walda, ashe yaronsa ya sayar da tukwanen wa masu sayen tsohon ƙarfe. Na wuni ina yawo cikin Katako rana na dukana, da ƙyar na gano guda ɗaya, na sayi kayan Kawuna da kuɗina jika 15 har ina godiya an yi min ragi. Makaniken da na kai ya duba ta ya ce motar ba ta da laifi ko kaɗan, ni na narkar da tiyo, ni kuma na ƙona famfon da na bar shi yana hura iska a banza. Da ya faɗi kuɗin gyara ni ma sai da na zauna a ƙasa.

Jiya da dare saƙon murya ya shigo daga Tawa, ashe bidiyon yaran ya riga ya kai can. "Ɗana, na ga mota ta tana gaida malamai a Harobanda, madalla. Ranar Alhamis ina tahe, ka hwara koyon durƙuson." Motar tana nan ƙofar gidan Malam, ragon da aka kamo a jikinta yake kwana, yarinyar kuma ta ce Baba na tambaya yaushe zan zo in ɗauke baƙuwarsa. Don Allah duk wanda ya ga tukunyar salansa ɗaya ta hagu a Katako ya yi min magana kafin Alhamis. Na je fada na ba su labari ina jiran a tausaya min, mai shayi ya miƙo min kofi ya gyara zama ya ce "To ka ga, a 1989..."