Don Allah a daina jefa farin soson nan cikin wuta

Jama'ar Jos, hunturu ya kama, kuma kun san yadda muke yi. Da asuba masu gadi da 'yan acaba da yaran unguwa sun kewaye wuta suna jin ɗumi, duk abin da hannu ya kai gare shi a bola sai a tura ciki. Roƙona shi ne a tsame farin soson nan da ake cusawa a kwalin firij da talabijin, da ɗan'uwansa, farar robar tekawe da ake zuba mana shinkafa.

Daga sinadaran ɗanyen mai ake yin sa, shi ya sa da ya ji wuta yake narkewa yana ɗiga, yana tada baƙin hayaƙi mai kauri. A cikin hayaƙin akwai sinadarin sitirin, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Yaron da ya matso da fuskarsa don ya ji ɗumi, shi yake shaƙar mafi yawa. Wallahi abin yana ci min rai.

Na san dalilin da ya sa ake ƙonawa. Sama da kashi 90 cikin 100 na soson nan iska ce, su baban bola kuwa a kilo suke sayar da kayansu, wa zai cika buhu da abin da ba ya motsa sikeli? Sai a bar mana shi. Ga shi ba ya ruɓewa, marmashewa kawai yake yi, kaji su tsattsaga, ragowar ya bi kwata ya tare da leda ya gangara rafin Dilimi. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a Rikkos da Gangare ba sai an faɗa masa amfanin barin hanyar ruwa a buɗe ba.

Babban soson na kwali, in mai tsabta ne, bai zama shara ba. A ajiye shi don ranar tashi daga gida, ko a mayar wa mai shagon da aka sayi kayan. Masu ƙanƙara da zoɓo suna jera shi a cikin kwali ya riƙe musu sanyi, manoman lambu kuma za su iya huda shi su yi renon irin tumatir da kabeji.

Robar tekawe da ta sha mai da miya kam ba ta da wani amfani na biyu, kada ma a sake zuba abinci mai zafi a ciki. A ƙulle ta a buhu a ba motar shara. Legas ta haramta ta tun watan Janairun 2024, ina fatan Filato za ta bi sahu. Kafin nan, in za ka aika yaro wajen mai abinci a Taminus ko Farin Gada, ba shi kula ko kwano mai murfi daga gida. Hajiya mai abinci ma za ta ji daɗi, don ita ma da kuɗinta take sayen robar.