Bulon da ke marmashewa a hannu

Jiya na tsaya a wajen masu buga bulo a unguwarmu, na ɗauki guda ɗaya na murza gefensa da ɗan yatsa, sai yashi ya riƙa zuba kamar garin tuwo. Na tambayi mai bugawa guda nawa yake fitarwa a buhun siminti, ya ce: "Alhaji, abin da mai gini ya ce shi muke yi." Tun lokacin hankalina ya koma Haiti.

Ranar 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Port-au-Prince, babban birnin ƙasar Haiti. Mutum sama da 100,000 suka rasu, gwamnatin ƙasar ma ta ce sun haura 300,000. Har fadar shugaban ƙasa ta rufta. Ba a yi wata biyu ba, ranar 27 ga Fabrairu, wata mai maki 8.8 ta girgiza Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, amma waɗanda suka rasu 500 da ɗoriya ne. Gaskiya ne ta Haiti ta tashi dab da birni mai cunkoso, kuma ba ta da zurfi a ƙasa. Sai dai babban abin da ya kashe mutane shi ne gidajensu: bulo mai ƙarancin siminti, yashi mai datti ko gishirin teku, rodi siriri, sannan a ɗora kankare mai nauyi a kai.

Bangon bulo yana jure nauyin da ya danne shi daga sama, shi ya sa gini mara kyau kan yi shekara 20 a tsaye har mai shi ya ɗauka lafiya lau. Girgiza kuwa jijjiga shi take yi dama da hagu. Nan take kwaɓin da ke tsakanin bulo ya saki, bango ya tsage a gicciye, kusurwa ta rabu, rufi ya faɗo kan masu barci. A Chile birkila yakan fara ɗaga bango, sannan a zuba ginshiƙan kankare da rodi a kusurwowi, a ɗaure saman ginin da linta zagaye, gidan ya zama kamar akwatin da aka ɗaure da igiya. Kuma dokar gini a can tana aiki.

Na san wani zai ce ai mu nan ba a girgizar ƙasa. A tambayi mutanen Kwoi ta jihar Kaduna abin da suka ji a 2016, ko na Mpape a Abuja a Satumbar 2018, da suka fito daga gidajensu a firgice. Allah Ya taƙaita, motsin bai yi ƙarfi ba. Amma mu da benayenmu ke ruftawa ba tare da ƙasa ta motsa ba fa?

Wallahi abin na ci min rai, musamman in na ga an rage siminti a bulo, an hana shi ban ruwa na kwanaki ya yi ƙwari, sannan an kashe kuɗin a tayil da fenti. Bulon da na murza jiya, ɗakin kwanan yara za a gina da shi.