Kujera ta cinye aikin da ke kanta

Jama'a, ku lura da inda kalmar kujera ta kai mu. A gidajenmu na da, in an ce kujera, 'yar tsugunno ake nufi, guntun icce sassaƙaƙƙe da uwa ke zama a kai gaban murhu tana tuƙa tuwo, ƙafafunta duk sun yi baƙi da hayaƙi. Ta aiki ce. Sarki kuwa karaga gare shi, ko a ce ya hau gadon sarauta.

Yau kalmar ta bazu ko'ina. Maniyyaci ya biya kuɗin kujera, attajiri ya raba kujerun Makka, a hajjin 2023 Najeriya ta samu kujeru 95,000. Har a Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe biyar ke da kujerar naƙi. Wannan bai dame ni ba, harshe da zamani yake tafiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kujerar siyasa. Ku saurari maganar 'yan siyasa da 'yan korensu: wane ya ɗare kujera, wane yana kare kujerarsa, an ƙwace mana kujera, wannan karon kujerar ta yankinmu ce. Duk zancen mallaka ne, kamar gonar gado ake rabo. Majalisar Dattawa kujeru 109, ta Wakilai 360, amma sau nawa ka ji an tsaya a majalisar mai shayi ana tambayar dokar da mai kujerar ya kawo? Sai dai wa ya hau, wa ya faɗo.

Kuma wanda ya ɗauki muƙami wurin zama, tashi zai yi masa wuya. Daga nan ta-zarce ke tsirowa. Mun ga ta Abacha a 1998, mun ga yunƙurin wa'adi na uku na Obasanjo da Majalisar Dattawa ta yi fatali da shi a 2006. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ta Tandja Mamadou a 2009, a Fabrairun 2010 sojoji suka sauke shi.

Ban ce a daina faɗin kalmar ba, ba wanda ya isa. Amma ni dai duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidana yana neman kujera, sai ya faɗa mini aikin kansila ko na ɗan majalisa dalla-dalla, da bakinsa, ba ta bakin yaransa ba. In ya fara kame-kame, ƙuri'ata ba tasa ba ce.