Goggona Ba Jahila Ba Ce, Takardunku Ne Ba Sa Jin Magana

Sau huɗu ke nan ina raka goggona wani ofishin gwamnati domin neman haƙƙin mijinta, wanda ya shafe shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a makarantar firamare kafin Allah ya yi masa rasuwa, kuma har yau ba ta karɓi ko sisin kwabo ba. Abin da ya tsayar da mu layi ɗaya ne a cikin wani fom mai shafi shida wanda aka rubuta da Turanci tun daga farkonsa har ƙarshensa. A zuwanta na farko, ranar da ban samu zuwa ba, akawu ya miƙa mata takardar ya ce, "Hajiya, je ki nemi wanda zai cike miki." Ta fita waje, ta samu ɗaya daga cikin masu cike takardu da ke zaune a gindin bishiya, ta biya shi, shi kuwa ya rubuta sunan babban ɗanta a gurbin da ake neman sunan mai neman haƙƙin. Ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta san abin da ya ƙunsa ba. Sai bayan wata biyu aka gaya mata cewa sunan da ke fom bai yi daidai da sunan da ke asusun banki ba, saboda haka a koma farko.

Domin gyara wannan kuskure aka tura mu yin takardar rantsuwa, ita ma da Turanci, kuma a ƙasanta aka ƙara wani bayani cewa an karanta wa mai rantsuwar an fassara mata domin ba ta iya karatu ba. A nan ne raina ya ɓaci ƙwarai. Matar nan ta sauke Alƙur'ani tun kafin a aurar da ita, tana rubuta lissafin adashinta da ajami, tana karanta Hausar boko a wayarta ba tare da tuntuɓe ba. Mai karanta rubutu iri biyu ita ce hukuma ta rubuta wa shaidar jahilci, alhali akawun da ya karɓi takardar, da shugabansa, da masinjan da ke bakin ƙofa, da dukan mutanen da ke kan benci suna jira, babu wanda ya furta kalmar Turanci ɗaya a tsakaninsu tun safe. Da Hausa aka gaisa, da Hausa aka yi mata faɗa, da Hausa aka ce ta dawo jibi. Takarda ce kawai ta ƙi jin Hausa, kuma takardar ce mai hukunci.

Kada wani ya ce mini doka ce ta ɗaure hannun gwamnati, domin na karanta dokar. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan sharaɗi na tanadi yana nan tun a kundin 1979, kuma yau fiye da shekara arba'in ana jiran tanadin kamar jiran gawon shanu. Sashe na 97 kuwa ya ba kowace majalisar jiha damar ƙara wani harshe da ake magana da shi a jihar a kan Turanci, da ƙudurin majalisar kawai. Majalisar Legas ta yi amfani da wannan dama, tana zama da Yarabanci ranar Alhamis, kuma a 2018 jihar ta kafa dokar kare harshen. Sashe na 36 ya tanadar wa wanda ake tuhuma da laifi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Wato ɓarawon akuya yana da haƙƙin a fassara masa, amma matar da ta fito daga takaba tana neman guminta da na marayunta sai ta biya daga aljihunta.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce Najeriya tana da harsuna fiye da 500, don haka wai Turanci ne kaɗai ba zai ta da husuma ba. Na yarda da rabin wannan magana. Ba na neman a ɗora wa mutumin Kalaba ko na Yenagowa Hausa, kuma duk wanda ya nemi haka zan fara yi masa gardama. Amma wa ya ce dole harshe ɗaya ya wadaci ƙasa baki ɗaya? Siwizalan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan goma ba, tana da harsunan ƙasa huɗu: Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Romanshi. An raba ta yankuna 26, kuma kowane yanki shi ke zaɓar harshen aikinsa. A Zurik Jamusanci ake yi, a Janiba Faransanci, a Tichino Italiyanci. Yankuna uku, ciki har da Ban inda fadar gwamnati take, suna aiki da harsuna biyu, yankin Girabundan kuma da uku. Masu Romanshi ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na 'yan ƙasar ba, amma duk da haka wanda ya rubuta wa gwamnatin tarayya da Romanshi, da Romanshi za a ba shi amsa. Jihar Kano kaɗai ta haura mutum miliyan tara tun a ƙidayar 2006, amma ba a ga dacewar buga mata fom na fansho da harshen da ake ciniki da shi a Kurmi da Kwari ba.

Idan an ce ai waɗancan masu arziki ne, to Indiya fa? Gwamnatin tarayyarta tana aiki da Hindi da Turanci, kundinta ya lissafa harsuna 22, jihohi kuma suna zaɓar nasu, shi ya sa mutumin Tamil Nadu yake samun takardun jiharsa da Tamil. Afirka ta Kudu tana da harsunan hukuma 12 tun da aka ƙara maganar hannu ta kurame a 2023, kuma kundinta ya wajabta wa kowace gwamnatin lardi amfani da aƙalla biyu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, suka mai da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Mu kuwa wurin da harsunanmu uku suka samu kujera tare shi ne bayan ƙananan takardun naira da aka sauya a 2007, takardun da a yau ko ruwan leda da kyar suke saya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun taɓa yin abin, sannan muka watsar. A zamanin Jihar Arewa ana muhawara da Hausa a majalisar Kaduna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, kuma ta nan talaka yake sanin abin da hukuma ke ciki. Shirin yaƙi da jahilci ya koya wa manya karatu da harsunansu. Yanzu muna da jami'o'i masu sassan nazarin harsunan Najeriya a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna yawo da takardun neman aiki, alhali ofisoshinmu ba su da mai fassara ko ɗaya. Fassara fom mai shafi shida aikin yini biyu ne ga wanda ya san aikinsa, kuma sau ɗaya za a yi shi.

Wannan wahala ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Tsohuwar da ke jin Kanuri a Borno, da makiyayin da ke jin Fulatanci a Adamawa, da manomin Tibi a Binuwai, da Banufe a Bida, kowannensu yana biyan wannan haraji na ɓoye duk lokacin da ya shiga asibiti ko banki ko ofishin filaye. Kuɗin fassarar da hukuma ta ƙi kashewa bai ɓace ba, an dai sauke shi ne a kan waɗanda suka fi kowa rashin abin biya. Kuma masu mulki sun san harsunan nan sarai. Idan kakar zaɓe ta zo, babu ɗan takarar da ke hawa mumbari a Daura ko Haɗeja ya yi Turanci. Waƙoƙin kamfen da Hausa, alkawura da Hausa, tallan rediyo da Hausa. Ranar da aka rantsar da shi, sai harshen ya koma na kasuwa da zaure.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kowace jiha ta fitar da harsunan da mutanenta suka fi ji, ta buga fom ɗin fansho da na asibiti da na filaye da sammaci da harshe biyu, Turanci a gefe ɗaya harshen gida a ɗaya gefen, ta kuma ajiye ma'aikaci a kowane ofishi wanda aikinsa shi ne karanta wa mutane abin da za su sa wa hannu, ba tare da an ba shi na goro ba. Wannan ba ya bukatar a taɓa kundin tsarin mulki.

An ce mu koma ranar Talata da sabuwar takardar rantsuwa da hotuna biyu. Jiya da daddare na zauna na fassara wa Goggo fom ɗin gaba ɗaya a cikin littafin adashinta, layi bayan layi. Da ta kai shafi na uku sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe abin da suke tambaya ke nan? Ai da sun faɗa mini, da na ba su amsa tun ranar farko."