Mammootty, jarumin da ba ya tsoron a tsane shi

Duk sanda aka taso da hirar finafinan Indiya a wajenmu, taurarin Bollywood ake ta jerowa. Ni kam ina ganin an tsallake babban gwani, wato Mammootty na jihar Kerala, can kudancin ƙasar, inda ake fim da harshen Malayalam.

Sunansa na yanka Muhammad Kutty, an haife shi a 1951. Lauya ne ma tun farko, ya ɗan yi aiki a garin Manjeri kafin harkar fim ta janye shi gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 finafinansa suka yi ta faɗuwa a kasuwa, har ana cewa tasa ta ƙare, sai fim ɗinsa New Delhi ya fito a 1987 ya farfaɗo da shi.

Finafinansa sun haura 400, amma ba yawan ke burge ni ba. Ku nemi fim ɗinsa Mathilukal ku gani. Fursuna ne a gidan yari, ya kamu da son wata mata da ke ɗaure a bayan katanga. Bai taɓa ganin fuskarta ba, mu ma masu kallo ba a nuna mana ita ba. Murya ce kawai, da ɗan busasshen reshe da take wurgawa sama don ya san ta iso. Babu rawa, babu dambe, soyayyar duk a fuskarsa take. Wallahi ba kowane jarumi zai iya ɗaukar wannan nauyin shi kaɗai ba.

A Vidheyan kuma azzalumin mai gida ya fito, irin wanda za ka ji kamar ka tofa masa yawu. Duka biyun suna cikin ayyukan da suka ba shi kambun gwarzon jarumi na ƙasa, wanda ya ɗauka har sau 3.

Yawancin taurari da zarar sun yi suna sai su kama tsaron mutunci: kullum su ne na kirki, kullum su ke yin nasara, gudun kada masoya su juya musu baya. Har a Kannywood ɗinmu muna ganin haka, kuma yana kashe basira. Shi kuwa Mammootty a 2024, yana da shekara 72, ya fito a Bramayugam, fim marar kala, a matsayin mugun tsoho mai rinannun haƙora da ya tsare wani mawaƙi a rusasshen gidansa. Dariyarsa kaɗai a fim ɗin ta isa ta sa tsikar jikinka tashi.